Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Amurka: ku guji mai tallar "ruwan wanke salansar bindiga" a Facebook

Jama'a, abin da ya same ni kada ya samu wani. Ina zaune a Texas, ina da ƙaramar bindiga mai harsashi .22 da nake zuwa filin koyon harbi da ita, da salansa mai rajista, wato na'urar rage ƙarar harbi. Duk mai irin wannan ya san yadda take tara dauɗa: kunkunniyar albarushi da dalma su daskare a jikin faifayan ciki, sai ka ce ƙanzo a gindin tukunya.

Ina cikin neman abin wankewa sai na ci karo da tallar wani mutum. Wai ruwansa na narkar da dauɗar cikin dare ɗaya, kuma ba ya taɓa kowane irin ƙarfe. Kwalbar ta iso ba sunan kamfani, ba bayanin sinadaran da ke ciki. Da na yi hankali, nan ya kamata in tsaya. Na jiƙa faifayan, na kwanta. Da safe na tarar fentin ya kwaile, jikinsu ya yi ramuka ƙanana kamar zanzana. Na alminiyom ne, shi kuwa ba ya jure ruwa mai kaifi yadda baƙin ƙarfe ke jurewa. Na yi wa mai tallar magana, ya toshe ni.

Asarar kuɗin ba ita ta fi tayar min da hankali ba. Cikin kwalin akwai "kyauta": wani bututu da ake ɗaurawa a bakin bindiga, wai don tare ruwan wanki kada ya zuba ƙasa. A watan Nuwamban 2023 hukumar ATF, mai kula da dokokin bindigogi a Amurka, ta fitar da wasiƙa cewa wasu irin waɗannan bututai, ko da an kira su kayan wanki, a idon doka salansa ne. Ƙarƙashin dokar bindigogi ta tarayya ta shekarar 1934, mallakar salansa marar rajista na iya jawo ɗaurin shekara 10. Mai tallar yana can wata ƙasa, kai ne sunanka da adireshinka ke jikin kwalin. Idan kuwa takardun zamanka ba su kai na ɗan ƙasa ba, ka san inda maganar za ta ƙare. A New York da California ma an hana farar hula mallakar salansa gaba ɗaya.

Ni dai ban ko gwada ɗaura shi ba, lauya na kira a ranar. Wanda irin wannan kwali ya iso masa, ya yi haka kafin ya taɓa komai. Game da wanki kuwa, ka tambayi kamfanin da ya ƙera salansarka ruwan da ya dace da ƙarfenta, ka sa safar hannu, domin ruwan da ya wanke dalma guba ne, kada a zuba shi a magudanar gida.