Tsawo, faɗi ko zurfi: wane tanki za ka saya wa kifayen teku?

Duk mai kiwon kifayen teku a gida yakan wayi gari ya ga tankinsa ya yi kaɗan. Murjani, halittar teku mai rassa da ke manne wa dutse, ya girma har reshe na gogar reshe, kifaye biyu na ta faɗa a kan rami guda. Tambayar da ke fara zuwa ita ce, lita nawa zan saya? Ni kuwa ina ganin siffar tanki ya kamata a fara dubawa, yawan ruwa ya biyo baya.

Ɗauki tankuna biyu daga cikin waɗanda aka saba ƙerawa da ma'aunin galan na Amurka. Mai galan 120 tsawonsa santimita 122 ne, faɗi 61, zurfi 61, yana cin ruwa wajen lita 450. Mai galan 125 kuma tsawonsa 183, faɗi 46, zurfi wajen 53, lita 470 da 'yan kai. Ruwansu kusan ɗaya, amma aikinsu ya sha bamban. Dogon na masu son kifayen da ba sa zama wuri guda ne, irin su tang, masu ƙaya mai kaifi a gindin wutsiya, waɗanda a teku suke wuni suna yawo suna kiwon gansakuka. Sa irin wannan kifi a gajeren tanki, ka zauna ka kalle shi: kafin ya ɗauki gudu ya iso gilashi, sai ya juyo, haka zai yi ta yi har dare, daga baya ya huce a kan maƙwabtansa. Mai faɗin 61 kuwa na masu murjani ne.

Faɗi daga gaba zuwa baya shi ne abin da mutane suka fi rainawa, shi ne kuma suka fi yin da-na-sani a kansa. Tanki mai galan 55 faɗinsa santimita 33 kacal. Kana jera duwatsu sai ka ga dole ka jingina su da gilashin baya kamar katanga, ruwa ya kasa ratsawa, datti ya taru inda hannu ba ya kaiwa. Shi da mai galan 75 tsawonsu ɗaya, zurfinsu ɗaya, faɗin ne kawai ya kai 46, amma wannan ɗan ƙarin ya isa ka ja duwatsu tsakiya, ka bar wa kifi hanya ta gaba da ta baya. Idan faɗi ya kai 61, har tsibirai biyu kana iya ginawa da filin yashi a tsakaninsu.

Zurfi fa? Yana ɗaukar ido a shago, ba musu. Sai dai haske yana raguwa yayin da yake ratsa ruwa, murjanin da ake kiwo kuwa galibinsa da haske yake rayuwa, don haka tanki mai zurfi sai fitila mai ƙarfi da tsada. Matsin ruwa ma da zurfi yake ƙaruwa, shi ya sa gilashin yake kauri, nauyi da farashi su hau tare. Iskar da kifi ke shaƙa ta saman ruwa take shiga, zurfi kuwa bai ƙara wa saman komai ba. Ga kuma hannunka. Ranar da ɗan murjani ya ɓalle ya faɗa can ƙasa bayan dutse, za ka hau kujera, ka tura hannu har ruwa ya jiƙa hammata, yatsunka na lalube ba su kai ba. Da zurfi ya wuce 60 zuwa 65, wannan wahalar ta zama ta kullum.

Wanda ke da wuri da hali, mai galan 180 ya haɗa tsawo da faɗi duka biyun: tsawo 183, faɗi 61, zurfi 61, wajen lita 680. Ruwa mai yawa ba ya saurin sauya zafi ko gishiri, kuskure kaɗan ba ya kashe kifi nan take. Amma a yi lissafi tukuna. Litar ruwan teku ta ɗan haura kilo guda, ruwan kaɗai ya kusa kilo 700; a haɗa da gilashi, duwatsu, yashi, teburi da ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashi, an doshi tan guda. Idan a bene ne, a nemi masanin gini ya duba daɓen. Canjin kashi goma cikin ɗari na ruwan kuma lita 68 ne, zai ci gishiri kusan kilo biyu da rabi kowane karo.

Kafin ka biya kuɗi, yanki kwali daidai tsawo da faɗin tankin, ka shimfiɗa inda kake son ajiye shi, ka bar rata a baya saboda bututu da wayoyi. Ka kwana biyu kana wucewa ta gefensa. Sannan ka auna ƙofar gida da kwanar matakala, domin tankin da aka riga aka haɗa ba ya lanƙwasuwa.