Kafin ka sayi Songs in the Key of Life na Stevie Wonder

Duk wanda ya ce maka tsohon faifan wannan kundi abu ne mai wuyar samu, don haka ka biya kuɗi na fitar hankali, to ka ja baya tukuna. Kamfanin Motown ya fitar da shi a watan Satumban 1976, kuma da fitowarsa ya haye matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, ya shafe mako 13 a jere ba a ture shi ba. Waƙoƙinsa biyu, "I Wish" da "Sir Duke", kowace ta kai na ɗaya. Abin da aka buga miliyoyinsa ba ya ƙarewa a kasuwar gwanjo. Samun cikakkensa shi ne aikin.

Ga dalili. Asalin kwalin yana ɗauke da manyan fayafayan garmaho guda biyu, da wani ƙaramin faifai mai waƙoƙi huɗu, da ɗan littafi mai shafi 24 na baitocin waƙoƙin. Ƙaramin faifan nan ne ke yawan ɓacewa, kuma a kansa "Saturn" da "Ebony Eyes" suke. Idan babu shi, waƙa 17 ka saya maimakon 21, sai a rage kuɗi sosai. Ka zaro kowane faifai ka karkata shi a haske. Ɗan gogewa sama-sama ba komai ba ne, amma karcen da farcenka ya ji, allura ma za ta ji shi. Ka ɗora shi a kan tebur ka ga ko ya kwanta daidai, domin faifan da ya sha zafi a ɗaki tanƙwarewa yake yi, kuma da wuya ya gyaru. Idan mai sayarwa na da garmaho, a sa maka farkon "Love's in Need of Love Today", inda muryoyi ne zalla, ƙarar ƙura ba ta da wurin ɓuya.

Sabon bugu na faifan garmaho ya raba ka da wannan fargaba, ga shi fes ba ƙura. Sai dai yakan yi tsada, kuma dole ka tambaya ko ƙaramin faifan na ciki.

CD shi ne mafi sauƙi ga aljihu: fayafayai biyu, waƙoƙi 21 cif, ba juye-juye. Sauraro ta intanet kuwa ya isa a ɗanɗana, amma lasifikar waya tana cinye kiɗan bes ɗin da Nathan Watts ya buɗe "I Wish" da shi, wanda kuma shi ne ƙashin bayan waƙar. Wannan asara tana ba ni takaici ƙwarai.

Wani abin da ke ƙara min ƙaunar kundin: ranar da aka ba shi kyautar Grammy ta kundin shekara a 1977, Stevie Wonder yana Najeriya, ya zo FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a Legas, ta tauraron ɗan'adam aka haɗa shi da zauren ba da kyautar.

In kana da garmaho mai allura mai kyau, nemi tsohon bugu cikakke, ka yi ciniki ba kunya, don akwai irinsa da yawa. In ba ka da shi, kada ka sayi na'ura saboda kundi ɗaya. Ka ɗauki CD, ragowar kuɗin ka sa a lasifika mai fitar da bes.