Tukunyar fresha da romon Hajiya

Saboda romon ƙashin kaza kaɗai na sayi tukunyar nan, duk da yanzu wake da ganda ma sun samu shiga. Ta alminiyom ce mai cin lita 6, irin mai roba a bakin murfi da ɗan ƙarfe a sama mai tsuwwa, wadda 'yan kasuwa ke kira fresha. A Babbar Kasuwar Katsina na same ta, wajen masu kayan kicin. Surukata Hajiya da muke zaune tare a Ƙofar Marusa haƙora sun ƙare mata, nama ya gagare ta, amma in aka miƙa mata romo mai zafi da tuwon shinkafa mai laushi sai ta cinye tas. Matsalar ita ce romon kirki a tukunyar da muka saba yana cin awa 4 zuwa 6 a ƙaramar wuta, ga kuɗin gas yadda ya koma.

Ni ma'aunina na romo ɗaya ne: in ya huce a firij ya daskare, yana rawa kamar kokon da ya kwana, to ya yi. In ya tsaya tsululu, ruwan nama ne kawai. Abin da ke kawo daskarewar wani furotin ne mai suna kolajin, wanda ke cikin fata da jijiya da guringuntsi. In ya daɗe cikin ruwan zafi sai ya narke ya zama jelatin. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka ba shi, amma a fresha tururin da aka kulle yana kai zafin kusan digiri 120, shi ya sa aikin ke gudu. A wajena awa ɗaya da rabi ya isa, kuma romon ya daskare har ana yankar shi da cokali. A nan tukunyar ta biya kuɗinta.

Sai dai ba ta yin abin al'ajabi da ƙashin banza. Ina zuwa wajen masu fige kaji da safe in tara ƙafafu da wuya da baya da bakin fiffike. Ƙafafun su ne jigo: a zuba musu tafasasshen ruwa, a sale fatar nan rawaya, a yanke farce. Kazar Hausa ko tsohuwar mai ƙwai da ta gama aiki ta fi ba da ɗanɗano. Buroila 'yar mako shida ƙashinta ragargajewa yake yi a fresha, romon ya fito salam.

Kafin in rufe murfi sai na bari ta tafasa a buɗe na kwashe kumfar da ke tasowa, don da zarar an kulle babu sauran leƙawa. Sannan albasa, ɗanyar citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari ƙwaya biyu. A yi hattara da kimba, fresha tana tatse mata ɗaci fiye da tukunyar gida, don haka sili ɗaya nake sawa bayan na cire 'ya'yan. Daddawa kuwa sai bayan na tace, a kwanon mai so. Ruwa kada ya wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar. Da ta fara tsuwwa a rage wuta sosai, in lokaci ya cika a kashe a ƙyale ta, tururin ya sauka da kansa. Mai ɗaga ƙarfen sama da cokali don gaggawa za ta wanke rufin kicin da romo, in ma ba ta ƙone ba.

Aibun tukunyar ba ɓoyayye ba ne. Ruwan da kika zuba shi za ki tarar, ba ya ƙonewa ya yi kauri, kuma ba damar ɗanɗanawa a tsakiyar dahuwa. Kusar hannun tana sassautawa, sai an riƙa ɗaure ta. Ƙaramar kafar da tururi ke fita kitse na toshe ta, dole kowane girki a ɗaga murfin a hango haske ta ciki. Ba ta son gawayi ko murhu, saboda ba a iya rage wuta nan take, hannun kuma roba ce. Abin da ya fi ɓata mini rai robar murfin: kafin shekara ta zagayo ta saki, tururi na zurarewa ta gefe. Na koma shagon, mai shagon ya juya ta a hannu ya ce, "Wallahi Hajiya wannan lambar sai an kawo daga Kano." An daɗe ba a kawo ba. Ita kuwa surukata har gobe in tsuwwar ta tashi sai ta ɗago labule ta ce, "Ke 'yar nan, abin nan ba zai tashi da mu ba kuwa?" In ce, "A'a Hajiya, romonki ne ke gaishe ki."

Batun lafiya ne nake so mu yi wa juna gaskiya, don abin da ke yawo a WhatsApp ya wuce gona da iri: wai romon ƙashi na warkar da gyambon ciki, yana mayar da guringuntsin gwiwa, yana goge tsufa a fuska. Jelatin in ya shiga ciki narkewa yake kamar kowane furotin, jiki ya raba shi inda yake buƙata, ba a rubuta masa adireshin gwiwa ba. Kalsiyam ɗin da ake kurantawa ma, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kaɗan ne ke fitowa daga ƙashi zuwa ruwa. Kindirmo da zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu sun fi shi nesa ba kusa ba.

Amfaninsa na gaskiya ba ƙarami ba ne. Ruwa ne da furotin a siffar da tsoho, mai jego da wanda zazzaɓi ya ɗauke wa sha'awar abinci za su iya haɗiya. Da hunturu, in ƙura ta rufe gari mura ta kama yara, zafinsa da turirinsa na sassauta hanci da maƙogwaro. A shekarar 2000 wasu likitoci a Jami'ar Nebraska ta Amurka sun gwada miyar kaza a ɗakin bincike, suka ga tana rage motsin wasu fararen ƙwayoyin jini masu hannu a kumburi. A kwalba aka yi gwajin, ba a jikin mutum ba, don haka sauƙi yake kawowa, ba magani ba ne. Yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari na ORS yake buƙata, romo sai dai ya biyo baya.

Babbar ribar yin shi a gida ita ce gishiri yana hannunki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, dunƙulen magi kuwa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Hajiya na da hawan jini, don haka nata ba dunƙule ko ɗaya, citta da albasa ke riƙe ɗanɗanon. In ya huce nakan kwashe kitsen da ya kwanta a sama. Mai ciwon ƙoda ya fara tambayar likitansa.

Ajiya kuma, kowa ya san zafin Afrilu a Katsina, ya san halin wutarmu. Romo ba ya jure zama a waje: cikin awa 2 a raba shi a ƙananan robobi a sa firij, inda zai kai kwana 3 zuwa 4 in wuta ta tsaya. Tunda ba ta tsayawa, na kwana biyu kawai nake dafawa, in sake tafasa shi sosai kafin a sha. Da tsohuwar tukunya ba zan iya wannan yawan ɗorawar ba.

Mai lita 6 ta ishi gida mai mutum biyar ko shida. Ranar saye a ɗaga a ji nauyin gindinta, a gwada kulle murfin a gaban mai shago, kuma kada a biya sai ya haɗo da robar murfi ta canji. In ya ce babu, a wuce shagon gaba.