Akwatin sheƙar gwara: dogo mai ɗaki uku ko ƙanana ɗai-ɗai?

Malam, ƙananan ɗai-ɗai za ka saya, guda uku, ka bar dogon nan mai ɗakuna a haɗe. Duka biyun suna jikin bangon gidana a nan Ingila.

Gaskiya ne gwara tsuntsun jama'a ne, tare suke kiwo, tare suke wankan ƙasa, kuma wanda ya yi sheƙa shi ke jawo saura. Amma zaman nasu irin na gidan haya ne: tsakar gida ta kowa, bakin ƙofa kuwa mai ɗaki ba ya wasa da shi. Namijin ba ya tsare fili mai faɗi, 'yar kewayen ramin shiga sheƙar kawai yake karewa, to idan ramuka uku suka jeru dab da dab, sai guda ya ɗauka duk nasa ne.

Nawa ɗai-ɗai na kafa su ƙarƙashin rufi ta gabas, tazarar kamar mita ɗaya tsakaninsu. Cikin Afrilu sai ga namiji mai baƙin maƙogwaro a kan murfin na tsakiya, yana kuka tun asuba, fukafukai a sake, har mace ta leƙa ramin ta amince. Ba a jima ba na gefen ma ya samu masu shi. Ƙwai 4 zuwa 5 suke yi, kwanci kusan mako biyu, sannan wasu mako biyun kafin 'ya'yan su tashi, kuma sukan maimaita sau biyu ko uku kafin Agusta ya ƙare. Ranar da 'ya'yan suka fito suna karkaɗa fukafukai a kan shinge, yarana ƙin tafiya makaranta suka so yi. Abin ya fi daɗi idan ka tuna gwara ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙasar nan daga 1977 zuwa 2008.

Dogon kuwa, ɗaki ɗaya ake shiga, biyun sai gizo-gizo. In dole sai shi, nemi wanda ramukan gefe suke kallon waje daban-daban.

Ka yi hattara da masu sayarwa a intanet, hoto ya sha fenti, kaya ya zo falle-falle. Tambayi kaurin katako, kada ya gaza milimita 15. Rami ya zama milimita 32. Mai 25 gwara ba ta iya shiga, ko me suka rubuta a kwali. Wanda aka maƙala wa 'yar sanda a bakin rami ma ƙyale shi, matakala ce ga masu cin 'ya'yan.

Ka ɗaga su mita 3 daga ƙasa saboda kyanwa, kada su fuskanci kudu inda rana ke dukansu. Kuma kada ka fesa maganin ƙwari a lambu, da ƙwari da tsutsa ake ciyar da 'ya'yan. Sharar akwatin kuwa sai tsakanin Satumba da Janairu, doka ta hana taɓa sheƙar da ake amfani da ita.