Matatar saƙonni ta Gmail: tana aiki, amma sai an horar da masu aikowa

Ni ke riƙe da sakatariyar wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu, kuma duk saƙonninmu adireshin Gmail ɗaya suke faɗawa: sanarwar banki, dillalan taki da iri, 'yan ƙungiya masu turo hoton rasit, ga 'yan talla da ba wanda ya gayyace su. Da zarar noman rani ya kankama, sai ka nemi saƙo mai muhimmanci ka rasa.

Matatar saƙonni ta Gmail, wato filter, ita ce ta raba ni da wannan wahala. Kana faɗa wa Gmail cewa duk saƙon da ya zo daga wane, ko wanda kansa, wato gurbin subject, ke ɗauke da kalma kaza, a manna masa laƙabi, kada ma ya tsaya a babban akwati. Na banki bai ba ni matsala ba, tunda adireshinsu ba ya sauyawa. Wajen kammalawa akwai wani ɗan gurbi a ƙasa, in ka danna shi har tsofaffin saƙonni za ta bi ta jera. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Inda gizo ke saƙar shi ne mutanenmu. Na roƙi kowa ya riƙa fara kan saƙonsa da kalma ɗaya, TAKI ko BASHI ko TARO. Matasa sun kama nan da nan. Wani dattijonmu kuwa har yau "Salamu alaikum" yake rubutawa a gurbin. Na ce, "Baba Alhaji, sallamar a ciki ake sa ta." Ya ce shi ba ya shiga gidan mutum babu sallama. Gmail kuma ba ya gyara kan saƙo, laƙabi kawai yake mannawa, don haka na yi masa matata tasa da adireshinsa.

Babban ƙorafina shi ne ba a ƙirƙirar matata a manhajar waya. Sai ka hau kwamfuta, alhali yawancinmu da waya muke komai. Amma in ka saita sau ɗaya, a wayar ma tana aiki.

Kada kuma ka ɗauka ka samu fili. Saƙon da aka kawar daga akwati yana nan yana cin rabonsa cikin gigabait 15 na kyauta, wanda Drive da Photos, ma'ajiyar fayiloli da ta hotuna na Google, su ma ke ci a ciki. Saƙonnin 'yan talla dai na sa matatar ta riƙa share su kai tsaye.