Masanin Ƙagaggen Labari da Mutanen Bajau: Ina Suka Haɗu, Ina Suka Rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masanin kimiyyar nan da ake kawowa a cikin ƙagaggun labarai, mai baƙin hali da keɓe kansa, wanda yake sauya ƙwayoyin gadon mutane don su zauna a ƙarƙashin teku, abu ɗaya yake yi da abin da aka gano a jikin mutanen Bajau. A ganina kamannin sun tsaya ne a ido kawai, domin ɗaya yana neman mutum ya shaƙi numfashi a cikin ruwa, ɗayan kuwa riƙe numfashi ne ya daɗe.

Bajau masunta ne da suka shafe ɗaruruwan shekaru a tekunan Indonesiya da Malesiya da Filifin, suna nutso da mashi da tabarau na katako, wasunsu har zurfin mita 70. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2018, Melissa Ilardo da abokan aikinta sun auna saifar mutanen ƙauyen Jaya Bakti da ke tsibirin Sulawesi, suka tarar ta fi ta maƙwabtansu Saluan girma da kusan kashi 50 cikin 100, kuma har waɗanda ba sa nutso haka tasu take, abin da ya nuna gado ne ba horo ba. Amfanin saifa a nan shi ne, idan mutum ya nutse sai ta matse, ta saki jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da oksijin, ya sami ɗan ƙarin lokaci. Duk da haka dole ya taso ya shaƙi iska kamar kowa.

Shi kuwa masanin labari gaɓar numfashin kifi yake so ya dasa wa mutum, kuma a nan ne lissafi yake kayar da shi. Mutumin da ke zaune yana hutawa yana cin kimanin mililita 250 na oksijin a minti guda, alhali litar ruwan teku kimanin mililita 5 zuwa 6 kawai take ɗauke da su, wato sai kusan lita 50 ta ratsa jikinsa kowane minti ko da zai tatse ta tas. Kifi yana wadatuwa da kaɗan ne saboda ba ya ɗumama jininsa. Mu kuwa ruwa yana zuƙe zafin jikinmu fiye da iska nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne batun yarda. Saifar Bajau ta girma ne sannu a hankali cikin zuriya bayan zuriya, ba wanda ya tilasta wa kowa, amma masanin yana yanke hukunci a kan jariran da ba su iya cewa a'a ba. An taɓa yin irin haka da gaske: masanin kimiyya He Jiankui na ƙasar Sin ya sauya ƙwayoyin gadon wasu jarirai tagwaye a 2018, kotu ta ɗaure shi shekara 3.

Waɗanda suka taɓa kwana a ƙarƙashin teku da gaske gida suka gina. A 1963 tawagar Jacques Cousteau, mai binciken teku ɗan Faransa, ta yi wata guda a zurfin mita 10 a Bahar Maliya, kusa da gaɓar Sudan, ana tura musu iska daga jirgin ruwa da ke sama.