Jigo ko Taurari: Ta Ina Za a Fara Nazarin Winesburg, Ohio?

Ɗalibai sun sha tambaya: in za a nazarci Winesburg, Ohio, tarin gajerun labaran da marubucin Amurka Sherwood Anderson ya fitar a 1919, ta jigo (babban saƙon littafin) za a fara ko ta taurari (mutanen cikin labaran)?

Bin taurari ya fi sauƙi. Ka ɗauki George Willard, matashin ɗan jaridar garin Winesburg, kana rubuta waɗanda suka kawo masa sirrinsu a labaran. Wing Biddlebaum, tsohon malamin da ke ɓoye hannuwansa tun da aka yi masa ƙazafi, shi kaɗai ya isa a cika shafuka. Haɗarin shi ne ka ɓige da maimaita labari, babu nazari.

Jigo kuwa sai ka karance littafin kaf, domin kaɗaici ya ratsa ko'ina: Alice Hindman na jiran saurayin da ba zai dawo ba, Likita Reefy na rubuta tunaninsa a 'yan takardu yana cusawa a aljihu. Bin jigo yana cin lokaci, kuma mai gaggawa kan ɗora wa duk labaran jigo ɗaya ƙarfi da yaji. Sai dai abin da ka koya a nan zai yi maka aiki a wasu littattafan.

Sabon shiga da mai jarrabawa a gabansa, taurari sun fi dacewa da su. Mai rubuta kundin digiri ya bi jigo.